Zirin Ƙasan Allo: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Yau zancen kwamfuta za mu yi, kuma abin da za mu taɓa ɗan ƙarami ne a ido: wannan siririn layi da ke kwance a ƙasan allo, mai ɗauke da agogo a gefe guda, maɓallin buɗe manhajoji a ɗaya gefen, a tsakiya kuma tagogin da ka buɗe suna jere. Masu Windows na kiransa taskba, masu Linux kuma fanel. Ni dai zirin aiki nake ce masa, kuma da wannan suna za mu ci gaba.

Ra'ayina a kansa ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya sanya wa ɗan uwansa Linux a kwamfuta, ya miƙa masa ita ba tare da sun zauna sun gyara wannan ziri tare ba, to bai gama aikinsa ba. Na san wasu daga cikin masana za su yi dariya, su ce ai wannan ado ne kawai, aikin yara masu son canza launi. Ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Bari mu fara da abin da ya sa zancen ya taso yanzu. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba ba ta kyauta, wato gyare-gyaren tsaro da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. An buɗe tsarin ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, amma na ɗan lokaci ne. Ita kuwa Windows 11 da ta fito a 2021 tana da sharuɗɗa: ram aƙalla gigabait 4, ma'adana gigabait 64, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan ƙwaƙwalwar kwamfutar, idan ta Intel ce, galibi sai ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. To duk wanda ya san kasuwar Computer Village ta Ikeja a nan Legas ya san irin kwamfutocin da talaka ke iya saye: tokumbo ne, da yawansu an ƙera su kafin wannan lokaci. Lafiyarsu ƙalau, allo garau, maɓallai na aiki, amma sabuwar Windows ta ce ba ta san da su ba. Ɗalibi ko ɗan kasuwa da ke riƙe da irin wannan kwamfuta zaɓi uku gare shi: ya ci gaba da tsohuwar babbar manhaja ƙofa a buɗe, ya nemo kuɗin sabuwa a wannan yanayi da ake ciki, ko ya koma Linux. Misali Linux Mint 22 da ta fito a 2024 za ta tashi a kan ram gigabait 2, kodayake 4 ya fi daɗi, kuma an yi alkawarin kula da ita har 2029. Kyauta ce, kuma ba satacciya ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Sanya Linux ba wuya, rabin sa'a ya isa. Wuyar ita ce mutum ya zauna da ita. Abin da na lura da shi a tsakanin 'yan uwa da abokai shi ne, wanda ya gudu daga Linux ya koma gidan jiya, da wuya ka ji ya ce manhajar ta lalace masa. Abin da zai ce shi ne, "ban gane kanta ba," ko "komai ba ya inda na saba ganinsa." Idan ka bi diddigi sai ka tarar zirin aiki yake nufi. Hannunsa ya shekara goma yana gangarawa kusurwar hagu ta ƙasa, yau ya je bai sami komai ba. Idonsa ya saba leƙa agogo a dama, yau agogon na sama a tsakiya. Abu ne da ake gyarawa cikin minti biyar, amma babu wanda ya gaya masa cewa ana iya gyarawa.

Mai karatu, wannan sabo ba ƙaramin abu ba ne. Zirin aiki kamar yadda muka san shi ya zo ne da Windows 95, a watan Agustan 1995. Kafin nan ma akwai makamancinsa, domin kwamfutocin kamfanin Acorn na Ingila suna da jeren tambura a ƙasan allo tun 1987, amma Windows 95 ce ta kai shi kowane ofis da kowane shagon buga takardu. Yau sama da shekara talatin ke nan mutane na aiki da shi. Kuma tun wancan lokaci kana iya kama shi da maus ka ja shi sama, ko dama, ko hagu, ya zauna inda ka ajiye shi. Da Windows 11 ta fito a 2021 sai aka sake gina zirin daga tushe, aka cire wannan dama, aka kuma kai maɓallin farawa tsakiya, kodayake shi an bar hanyar mayar da shi hagu. An cire damar jawo fayil ka sauke a kan tambarin manhaja, sai a 2022 aka dawo da ita. An cire damar raba tagogi kowacce da sunanta, sai a 2023 ta dawo. Wato abin da kake yi jiya da hannunka, yau sai ka jira mai gida ya ga dama.

Mu da ke zaman haya a kudu mun san wannan yanayi sarai. Ka biya kuɗin shekara cif, amma ƙusa ba za ka kafa a bango ba sai ka nemi izini.

Kada wani ya ɗauka ina cewa mutanen Linux waliyyai ne. Su ma sun taɓa yin irin wannan, har ma ta fi muni. Amma kafin in ba da labarin, sai na yi wa sabon shiga bayanin abu ɗaya. Ita Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 a ƙasar Finland inji ce kawai. Abin da kake gani a allo, da tagogi da ziri da tambura, wannan bodi ce da ake ɗorawa a kan injin, kuma bodin iri-iri ce. Akwai KDE da Matthias Ettrich ya fara a 1996, akwai Xfce da Olivier Fourdan ya fara a wannan shekarar, akwai GNOME da Miguel de Icaza da Federico Mena suka fara a 1997. Inji ɗaya, ka ɗora bodin da ta yi maka.

To a watan Afrilun 2011 masu GNOME suka fitar da zubi na 3, suka cire zirin tagogi gaba ɗaya. Suka ce ai zamani ya wuce shi, idan kana son ganin abin da ka buɗe ka tura maus kusurwar sama. A wannan watan dai Ubuntu, wadda ita ce ta fi shahara a lokacin, ta koma wata sabuwar fuska mai suna Unity, da jeren tambura a manne a gefen hagu, ba ya matsawa ko'ina. Sai a 2016 aka ba da damar saukar da shi ƙasa, shekara biyar ke nan. Shi kansa Torvalds ya fito fili ya soki GNOME 3, ya koma Xfce na wani lokaci. Ka ga ashe son yanke wa mutane hukunci ba halin kamfani ɗaya ba ne, halin masu zane ne a ko'ina suke.

Bambancin yana cikin abin da ya biyo baya. Tunda lambobin da aka gina GNOME da su a buɗe suke, kowa na da izinin ɗauka ya gyara, sai wani ɗan ƙasar Ajantina ya ɗauki tsohuwar GNOME 2 ya ci gaba da raya ta da sunan MATE, a cikin 2011 ɗin. Masu Linux Mint, ƙarƙashin Clement Lefebvre, suka gina Cinnamon, wadda ta dawo da ziri a ƙasa da maɓallin farawa a hagu. Wasu kuma suka rubuta ɗan ƙari mai suna Dash to Panel, wanda ke mayar wa ita GNOME ɗin kanta da ziri irin na da. Babu wanda ya rubuta takardar koke ya zauna jiran amsa. Duk waɗannan suna nan da ransu har yau, kuma wannan rikici na 2011 shi ne ya haifar da yawancin zaɓin da muke morewa. Abin da ya fi burge ni ke nan a tarihin: mutane sun raba gari da manyan masana, sun gina sababbin fuskoki sukutum, a kan wannan ɗan layi da ake cewa ado ne.

Yanzu bari mu sauko kan aiki. Ni Xfce nake amfani da ita, domin ba ta da nauyi kuma tsohuwar kwamfuta na jin daɗinta. Ka danna ɓangaren dama na maus a kan zirin, ka shiga Panel, sannan Panel Preferences. Nan za ka ga komai. Akwai wurin da ke kulle zirin; idan ka cire alamar, sai 'yar mariƙa ta bayyana a gefensa, ka kama ka ja shi duk inda kake so. Akwai wurin zaɓen ko ya kwanta ko ya miƙe tsaye, akwai na ƙara masa kauri, akwai na sa shi ya ɓuya sai ka kai maus kusa. A wani shafin kuma za ka ga jerin duk abin da ke kansa, ka ƙara, ka rage, ka sauya musu wuri. A Cinnamon da KDE ma hanyar kusan ɗaya ce: danna dama a kan zirin, shiga yanayin gyara, ja ka ajiye.

Abu na farko da nake ba da shawara ga mai ƙaramar laftof shi ne ya gwada miƙar da zirin a gefe. Ga lissafin. Yawancin tokumbon nan allonsu ɗigo 1366 ne a faɗi, 768 a tsayi. Faɗi ya yi yawa, tsayi ya yi kaɗan, alhali takarda da shafin intanet daga sama zuwa ƙasa ake karanta su. Ziri mai kaurin ɗigo 48 idan ya kwanta a ƙasa ya cinye sama da kashi 6 cikin 100 na tsayin allon, jimlar ɗigo 65,568. Idan ka miƙar da shi a gefe da wannan kaurin dai, ɗigo 36,864 kawai zai ci, kuma daga faɗin da dama ba ka amfani da shi. Ribar layi biyu ko uku ne na rubutu a kowane shafi. Mai buga takardu daga safe zuwa dare ya san darajar layi uku. Xfce ma tana da wani yanayi da ta kira Deskbar, inda zirin ke tsaye amma rubutun agogo da sauransu na kwance yadda za ka karanta ba tare da ka karkata wuya ba.

Amma fa wannan shawara ta mai kwamfutar kansa ce, wanda ya riga ya saba. Ga sabon shiga akasin haka nake yi. Ziri a ƙasa, maɓallin manhajoji a can ƙuryar hagu, agogo a ƙuryar dama, tagogi kowacce da sunanta a rubuce. Kuma maɓallin ya manne da kusurwa sosai, kada a bar tazara. Akwai dalili na ilimi a nan. Wani masani Ba'amurke mai suna Paul Fitts ya nuna a 1954 cewa saurin kai hannu ga abu ya danganta ne da nisansa da girmansa. Kusurwar allo kuwa ba a wuce ta: ko da ƙarfi ka wurga maus, can zai tsaya. Shi ya sa maɓallin da ke kusurwa ko ido rufe za ka same shi, na tsakiya kuwa sai ka duba, balle ma yana matsawa duk lokacin da ka buɗe sabuwar taga.

Sai abin da za a ɗora a kai, kuma a nan ne karin maganar da na sa a take ta fi dacewa. Wanda ya zana zirin a Amurka ko Jamus bai san damuwarmu ba, kuma ba laifinsa ba ne. Shi wuta ba ta ɗaukewa a unguwarsu, don haka ɗan ƙaramin hoton batir ya ishe shi. Mu kuwa muna bukatar lamba ƙuru-ƙuru: kashi nawa ya rage, minti nawa zai kai. A Xfce ana sa alamar batirin ta nuna duka biyun. Shi intanet ɗinsa ba a auna masa, mu kuwa data muke saye, don haka ɗan ma'aunin da ke nuna abin da ke shiga da fita a kowane lokaci ya fi mana amfani fiye da hasashen yanayi. Idan ka ga ma'aunin na motsi alhali ba ka buɗe komai ba, ka san akwai manhajar da ke shan datarka a ɓoye.

Na uku, kuma wanda ya fi kwanta mini a rai, shi ne maɓallin sauya harshen rubutu. Linux na zuwa da tsarin maɓallan Hausa na Najeriya, har da na Hausar Gana, da na Yarbanci da na Ibo. Ka ƙara su, ka ɗora alamar sauyawa a kan ziri, shi ke nan. Danna ɗaya kana rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ba sai ka je kwafo su daga wani wuri ba. Mu da muka yi zamanin rubuta "kasa" a bar mai karatu ya yi ta laluben ko ƙasa ake nufi ko kasa, mun san abin da wannan ke nufi. Wanda kuma aikinsa ke haɗa shi da takardun Yarbanci, kamar yadda yake faruwa da wasunmu a nan, danna na biyu ya ba shi haruffansu masu ɗigo a ƙasa. Don adalci, Windows ma tana da maɓallan Hausa, ba a Linux kaɗai suke ba. Abin da nake cewa shi ne a fito da alamar fili inda ido zai gan ta, domin abin da ke ɓoye cikin saituna kamar babu shi ne.

Agogo ma ana yi masa aiki. A Xfce kana iya ɗora agogo biyu, ɗaya da lokacin gida, ɗaya da na ƙasar da ɗanka ke karatu ko inda kake sayo kaya. A KDE Plasma kuwa kalandar da ke buɗewa idan ka danna agogo tana iya nuna kwanan watan Hijira a gefen na Turawa. Sai dai a tuna wannan lissafi ne na na'ura, yana iya saɓawa da kwana ɗaya da abin da aka sanar bayan ganin wata.

Ga dattawa da masu raunin gani, a ƙara kaurin zirin, a girmama tambura, a bar sunayen tagogi a rubuce. Yayin da ake yi yanzu na tambura tsirara babu suna yana da kyau a hoto, amma wanda ya buɗe takardu huɗu a manhaja ɗaya sai ya yi ta leƙe kafin ya gano wacce yake nema.

To, me masu suka ke cewa? Na farko, cewa ɓata lokaci ne. A nan suna da 'yar gaskiya. Akwai samarin da za su kwana suna sauya launi da inuwa, su ɗauki hoton allo su nuna wa abokai, gobe su rushe su sake. Wannan sha'awa ce, kamar mai yi wa babur ado, ban hana kowa ba. Amma ba shi nake nufi ba. Gyaran da nake magana sau ɗaya ake yinsa, minti goma sha biyar, sannan a kulle zirin a manta da shi shekaru.

Na biyu, cewa idan kowa ya gyara tasa yadda ya ga dama, mai koyarwa da mai gyara za su sha wahala, domin babu kwamfutoci biyu masu kama da juna. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce dalilin da masu GNOME ke kafawa da shi wajen rage zaɓi. Na yarda da ita a makaranta, da shagon intanet, da ofishin da mutum biyar ke amfani da kwamfuta ɗaya. A irin waɗannan wurare a yi tsari ɗaya mai kama da wanda jama'a suka sani, a kulle. Akwai ma Zorin OS, daga ƙasar Ayalan, wadda ke zuwa da shiryayyun fuskoki, ka zaɓi mai kama da Windows da danna ɗaya. Amma lura, ko wannan ɗin ma gyara ne. Wani ne ya zauna ya duba masu amfani da na'urar ya yanke abin da ya dace da su, kuma wanin nan yana cikin ɗakin tare da su, ba a wata nahiya ba.

Na uku ba suka ba ce, gargaɗi ne daga gare ni. Ziri mai kama da na Windows ba ya mayar da Linux ta zama Windows. Wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop, kamar masu ɗab'i na Shomolu, kada a yaudare shi da fuska, domin waɗannan manhajoji ba a yin su don Linux a yau, kuma madadinsu sai an sake koyo. A gaya masa gaskiya tun farko. Amma mai rubutu, da mai lissafin shago, da ɗalibi, da wanda rabin aikinsa a shafukan intanet yake, waɗannan babu abin da zai hana su zama, muddin ranar farko ba ta kore su ba.

Abu na ƙarshe, ga wanda zai gwada. Sabon shiga yakan goge zirin gaba ɗaya bisa kuskure, ya ga allo fayau, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka kwamfutar ta mutu. Ba ta mutu ba. A Xfce akwai 'yar manhaja mai suna Panel Profiles da ke adana tsarin zirinka. Da zarar kun gama gyara, ku adana, duk ranar da abu ya rikice danna biyu ya dawo da shi. Tana ma ba ka damar fitar da tsarin a fayil, ka sa a filashi, ka ɗora wa kwamfuta ta gaba. A Cinnamon kuma, cikin jerin da ke fitowa idan ka danna dama a kan ziri, akwai wurin mayar da komai yadda ya zo daga farko. Ka nuna wa mai kwamfutar wannan wuri kafin ka tashi, ka sa shi ya matsar da zirin da hannunsa sau ɗaya, ya mayar, sannan ka karɓi kuɗin motarka.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.